Ɗakina na rugugi kamar ganga: laifin sifika ne ko na ɗakin?

Mai Turaka:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan sauti. Wata uku ke nan da na haɗa kayan saurare a ɗakina: amfilifaya ɗaya da sifika biyu matsakaita, irin waɗanda ake ɗorawa a kan kanta, kowace da rami a bayanta. A shagon da na saya na tsaya na saurara, muryar mai waƙa tas, kalangu kana jin tashinsa da saukarsa. Da na kawo gida sai abin ya juye. Bes ɗin, wato sauti mai kauri irin na ganga, sai rugugi, duk kiɗan da na saka wuri ɗaya yake dukawa. In na saka karatun Alƙur'ani ko labarai, haruffa sai su riƙa hawa kan juna, sai na kasa kunne sosai kafin in gane. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, in na zauna a kujera jikin bango bes ya yi yawa har kaina ya yi nauyi, in na miƙe na tako tsakiyar ɗaki sai ya ɓace ɗungurungum kamar an zare waya.

Ɗakin ƙafa 12 ne tsawo, ƙafa 12 faɗi, daga ƙasa zuwa silin ƙafa 10. Ginin bulo ne da filasta, ƙasa tayil, sama POP, taga ɗaya ta gilashi mai zugewa. Sifikun na tura su lungu biyu don kada su tare hanya. Na riga na sayi soso mai tudu-tudu guda 12 na liƙa a bango, ban ga wani canjin kirki ba. Yanzu tunanina ya tafi ga canza amfilifaya, amma na ce bari in tambaya kafin in sake zuba kuɗi.

Ɗan Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Wat nawa ce amfilifayar? Galibi ƙarama ce ke kasa riƙe sifika, sai bes ya saki jiki. Ka nemi babba ka haɗa da ikwalaiza, mai ƙara ko rage sassan sauti, ka huta.

Mai Turaka:
An rubuta wat 50 a kowane ɓangare, a kan om 8.

Injiniyan Sauti:
Malam, don Allah kada ka sayi komai tukuna. Wat 50 ta ishi ɗaki mai girman naka har ta yi yawa. Ka ma riga ka faɗi cutar da bakinka: a jikin bango bes ya yi yawa, a tsakiya ya ɓace. Amfilifaya ba ta san inda ka zauna ba. Ɗakin ne ke yin wannan.

Ka ɗauki daro da ruwa ka ɗan jijjiga shi. Ruwan zai riƙa hawa wannan gefe yana sauka wancan, amma a tsakiyar daron kusan ba ya motsi. Haka iskar ɗaki take yi tsakanin bango biyu masu fuskantar juna. Kowane ɗaki akwai sautin da ya dace da tsawonsa, in sifika ta taɓo shi sai iskar ɗakin gaba ɗaya ta kama lilo, ya yi ƙarfi a jikin bango, ya mutu a tsakiya. Lissafinsa ba wuya. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a sakan ɗaya. Ka raba 343 da ninkin tsawon ɗakin. Ƙafa 12 mita 3.66 ce, ninki biyu 7.32, ka raba ya ba ka kusan 47. Wato sautin da ke kaɗawa sau 47 a sakan, abin da muke rubutawa 47 Hz, shi ne ɗakinka yake rerawa da kansa. A zafin watan Afrilu sauti ya fi sauri kaɗan, sai ya matsa wajen 48, bambancin ke nan.

Inda ka gamu da rashin sa'a: tsawo da faɗi ɗaya ne. Da ƙafa 12 da 15 ne, ɗaya zai yi rugugi a 47, ɗayan wajen 37, nauyin ya rabu. Naka duka biyun sun taru a 47, suka sake taruwa a 94, ga na ƙasa da silin wajen 56 yana maƙwabtaka da su. Sannan ka kai sifika lungu, inda duk waɗannan suke haɗuwa, ka kuma zauna jikin bango inda suka fi ƙarfi. Ko kayan miliyoyi ka saka a haka, rugugin nan za ka ji.

Mai Turaka:
Ikon Allah. Wallahi kamar kana cikin ɗakin. To soson da na liƙa fa, Injiniya?

Injiniyan Sauti:
Ka auna kaurinsa, na tabbata bai wuce santimita 5 ba. Abu mai laushi yana shan sauti sosai ne idan kaurinsa ya kama hanyar kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon igiyar sautin. Sautin 4,000 Hz, irin sautin "s" da "sh" a magana, tsawon igiyarsa bai kai santimita 9 ba, soso na cinye shi. Na 100 Hz tsawonsa ya kusa mita 3 da rabi. Na 47 ya haura mita 7. Soso mai kaurin yatsu uku bai ma san ya wuce ba. Abin da sosonka ya yi shi ne ya rage zaƙin sama ya bar rugugin ƙasa yadda yake.

Mai Situdiyo:
A nan zan ɗan saɓa, Injiniya. Shekara da shekaru muna aiki a ɗakin da muka lulluɓe da kiret ɗin ƙwai da soso, kuma aiki yana fita. Ka tafa hannu a ciki ba ka jin amsa-kuwwa ko kaɗan. Ba kowa ke da kuɗin kayan waje ba, kada a kashe wa talaka gwiwa.

Injiniyan Sauti:
Ban musa ba, Yaya, tafi ba zai yi amsa-kuwwa ba. Amma tafi sautin sama ne da na tsakiya, babu bes a cikinsa. Ka gwada wannan: ka saka kiɗa mai ganga, ka tsaya tsakiyar ɗakin, sannan ka kai kanka lungu. In ƙarfin ɗaya ne, na janye maganata. Kuma ina tambaya, ba ka taɓa haɗa waƙa ta yi daɗi a situdiyo ba, da aka saka a mota bes ya yi yawa ko ya yi ƙaranci?

Mai Situdiyo:
Wannan kam yana faruwa. Shi ya sa dole sai na fita na gwada a mota kafin in ba mai aiki.

Injiniyan Sauti:
To ɗakin ne ke ɓoye maka gaskiya. Abin da ya fi damuna da kiret ma ba sauti ba ne, wuta ce. Takarda busasshiya a jikin bango, ga wayoyi, ga soso wanda in ya kama yake fitar da hayaƙi mai guba. A ɗakin da aka toshe taga. Don Allah a duba wannan.

Baba Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
Yaro, ka saurari Injiniya, amma ni daga wani wuri zan faro maka, wanda ba ya cin ko kwabo. Sitiriyo ba sifika biyu ba ne kawai masu ƙara tare. Wani injiniya a Ingila, Alan Blumlein, shi ya yi rajistar wannan fasaha a 1931, kuma manufarsa ita ce kunne ya gane daga ina kowane sauti yake fitowa. Wannan ba ya samuwa sai kai da sifikun biyu kun zauna kamar duwatsun murhu, tazarar da ke tsakaninsu daidai da tazarar kowace zuwa kunnenka.

Ka kunna labarai, muryar mutum ɗaya. Ka zauna, ka rufe ido, ka nuna da yatsa inda muryar take. In komai daidai ne, yatsanka zai nuna tsakiyar sifikun biyu, wurin da babu komai sai bango. In ka ji ta karkata hagu ko dama, ɗaya ta fi kusa da kai, ka auna da tef. In kuwa ka ji muryar ta watse, ba ta nan ba ta can, kamar tana zagaya bayan kunnenka, to an juya waya, ja ta tafi gurbin baƙa a sifika ɗaya. Mun sha kama wannan a wurin aiki. Ka cire wayar daga amfilifaya, ka ɗauki batirin tocila ƙarami mai bolt 1.5, ka taɓa jar waya a kan batirin, baƙar a gindinsa, taɓawa ɗaya kawai. Faifan sifikar ya kamata ya turo waje. In ɗaya ta turo ɗaya ta shige ciki, ka samo ɓarawonka.

Sannan ƙaramar sifikar nan ta sama, mai fitar da siririn sauti, ta zama daidai da tsayin kunnenka in kana zaune. Siririn sauti miƙewa yake kamar hasken tocila, in ya nufi gwiwarka kai ba ka samu ba.

Mai Turaka:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. A ƙasa suke a kan tayil, ko kanta ban ɗora su ba. Yanzu na gane.

Injiniyan Sauti:
Baba ya gama magana. Bari in ba ka awon da za ka fara da shi, ka nemo tef ɗin awo da salatif na yi wa ƙasa alama. Fuskar kowace sifika ta nisanci bangon gaba da santimita 50, ta nisanci bangon gefe da wajen santimita 83. Hakan zai bar mita 2 tsakaninsu. Kujerarka ta zo inda kunnenka zai zama mita 2 daga kowace, wato kanka zai nisanci bangon baya da kusan mita 1.4. Ka ga ba ka tsakiya, ba ka jikin bango. Masu wannan harka suna da wata al'ada ta zama a kashi 38 cikin ɗari na tsawon ɗaki, daga gaba ko daga baya, kuma wannan awon ya faɗa kusa da ita. Ba doka ba ce, wurin farawa ne.

Dalilin da ya sa na ce 50 da 83, ban ce duka ɗaya ba: bes yana fita ta ko'ina, har bayan sifika. Wanda ya je bango ya dawo yana iya cin karo da wanda ke fitowa su kashe juna. Sautin da ke mutuwa shi ne 343 a raba da tazarar sau huɗu. Santimita 50 tana raunana wajen 170 Hz, 83 kuma wajen 100. In tazarar biyu ta zama ɗaya, ramin ya zurfafa a wuri guda. Ramin da ke bayan sifikar kuma kada ka manna shi da bango, ka bar masa aƙalla faɗin tafin hannu ya yi numfashi.

Ka juyo fuskokinsu kaɗan su kalli kafaɗunka. Daga nan sai kunne.

Ɗan Sabon Gari:
Duk na ji, amma fa ku yi adalci. Akwai sifikar da ko a fadar sarki ka ajiye ta ba za ta yi daɗi ba. Akwatin kwali, a rubuta wat 5,000 PMPO a jiki, in ka buɗe ko wat 20 ta gaskiya babu. Kada mutane su ɗauka matsar da kujera na gyara komai. Kuma ikwalaiza da na faɗa ba banza ba ce.

Injiniyan Sauti:
Gaskiyarka a kan PMPO, lambar talla ce, RMS ake dubawa, ita ce ke nuna wat na gaskiya. Amma shi ya ji kayansa a shago sun yi masa daɗi, don haka ba su ne matsalar ba. Kuma ka san ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarfin ƙara, sai an ƙara wajen desibel 10 kunne ke cewa ƙara ta ninka. Daga 50 zuwa 100 ba abin da zai samu sai rugugi mai ɗan ƙarin ƙarfi.

Ikwalaiza tana da amfani, a gefe ɗaya. Inda ɗaki ya kumbura sauti, kamar 47 ɗin nan, tana iya rage shi, kuma a ƙarshe zan ba shi shawarar haka. Inda ɗaki ya kashe sauti kuwa ba ta iya cike ramin. Duk abin da ka ƙara, wanda ya dawo daga bango ma ya ƙaru, su sake kashe juna, kai kuma kana wahalar da sifika. Wannan sai matsawa.

Ɗan Sabon Gari:
Na yarda da rabin. Ya matsa ɗin mu ji.

Hajiya Mai Labule:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba injiniya ba ce, ɗinkin labule nake yi, amma na ga wannan a gidana. Da muka tare a sabon gida, falo tayil ne da bango tsirara, in yara biyu suna magana kamar goma ne, talabijin kuma sai an ƙure ake gane abin da ake faɗa. Ranar da aka shimfiɗa kafet aka rataya labule aka jera kujeru, maigidan da kansa ya rage ƙarar talabijin.

Shawarata ga ɗan'uwa: labulen tagar nan ya zama mai nauyi, kuma yadin ya ninka faɗin tagar sau biyu domin ya yi tattara, ya sauka har ƙasa, a ɗan nisanta shi daga gilashin. Labulen da aka miƙe shi sumul kamar zanin gado ba ya yin komai. Kafet kuma kada ka sa a liƙa maka daga bango zuwa bango. Hunturu na zuwa, ƙura za ta zauna a ciki, in akwai mai asma a gidan ka jawo masa wahala. Ka sayi babbar darduma mai kauri wadda za ta rufe tsakanin sifika da kujera, ka sa soso siriri a ƙarƙashi, duk mako a fitar a kakkaɓe.

Injiniyan Sauti:
Hajiya, abin da kika gani da idonki shi ne asalin wannan ilimi. A 1895 jami'ar Harvard a Amurka ta ba wani matashin malamin fiziks, Wallace Sabine, aikin gyara wani zauren lacca a gidan tarihin Fogg, inda in malami ya yi magana sautin ke yawo sama da sakan 5 kafin ya mutu. Da dare, bayan gari ya yi tsit, shi da masu taimaka masa suke kwaso matasan kujeru daga wani zauren da ke kusa, Sanders, suna jerawa, yana busa bututun ogan, kayan kiɗan nan na coci, yana duba agogo. Matashi kaza, sakan kaza. Daga nan ya fitar da lissafin da har yau ake amfani da shi, kuma da shi aka tsara babban zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900.

In muka ɗora lissafinsa a ɗakin Malam: cikinsa ya kai kubik mita 41 na iska, bango da ƙasa da silin wajen murabba'in mita 71. In dukansu kashi 5 cikin ɗari kawai suke sha, sauti zai yi kusan sakan 2 yana yawo. Ɗakin saurare ana son ya sauka wajen sakan 0.3 zuwa 0.5. A ƙaramin ɗaki lissafin ba ya faɗawa daidai-wa-daida, amma ya nuna maka nisan tafiyar. Shi ya sa haruffan karatu ke hawa kan juna: na farko bai mutu ba na huɗu ya iso.

Ɗan Damagaram:
Wannan ya tuna mini da zauren kakanmu na ƙasa. Bango mai kauri, rufin azara, tabarmi da buzu a ƙasa. In malamai na karatu a ciki, murya zama take, ba ta tsalle. Gidan siminti da muka gina daga baya in ka yi tari sai ya amsa maka.

Baba Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
Haka ne ɗana. Bangon ƙasa ba sumul yake ba, kuma da wuya ka samu biyu da suka fuskanci juna daidai kamar an ja da zare. Azara ma tana wargaza sauti. Amma ina gargaɗi kada a wuce gona da iri. Na shiga ɗakunan da aka lulluɓe ko'ina har mutum ya ji kunnensa ya toshe, kiɗa ya mutu murus. Garaya da kukuma suna son ɗan iska a bayansu. A gyara wuraren da ke ɓarna, a bar sauran. Kantar littattafai a bangon baya, manya da ƙanana a cakuɗe, ta fi bango tsirara nesa ba kusa ba.

Mai Turaka:
'Yan'uwa na dawo da rahoto. Jiya bayan isha'i na yi aikin. Na ɗora sifikun a kan kujerun katako biyu masu tsayi ɗaya, na yi awon da Injiniya ya bayar, na jawo kujera. Gwajin batir ya nuna wayoyina daidai suke. Na kunna labarai na rufe ido, wallahi muryar ta tsaya cak a tsakiyar bango, har na buɗe ido na duba. Ban taɓa jin haka a ɗakin nan ba. Na saka wani kiɗan kalangu da na sani tun ina yaro, na ji makaɗa biyu ne, ɗaya hagu ɗaya dama-dama, da can ɗauka nake mutum ɗaya ne.

Rugugin ya ragu sosai amma bai tafi ba, akwai wurin da in kiɗa ya sauka ƙasa sai ɗakin ya ɗauka. Na lura in na buɗe ƙofa yana sauƙi. Sannan akwai wani zzz da ke fitowa daga wajen taga, da wani huuu siriri a sifika ko ba a kunna komai ba.

Injiniyan Sauti:
Alhamdu lillahi. Ƙofar da ka buɗe ta ba bes ɗin hanyar fita ne, wannan ya tabbatar da lissafin. Kuma ga wani abu da ya kamata mu sani: da yawa daga cikin bidiyon gyaran sautin ɗaki na YouTube, a gidajen Amurka ake yin su, inda bangon ciki allo ne siriri a kan firam. Irin wannan bango yana lanƙwasawa ya sha wani ɓangare na bes, wani kuma ya wuce waje. Namu bulo ne da siminti, kusan duk abin da ya je yana dawowa. Don haka mu mun fi su buƙatar maganin bes.

Zzz ɗin gilashin taga ne ke rawa a cikin firam ɗinsa. Ka danna shi da hannu lokacin da yake yi, in ya tsaya ka cusa roba ko ɗan ƙyalle a layin. Ka duba murfin fitilar silin ma.

Huuu ɗin kuwa na wuta ne, wutarmu sau 50 take kaɗawa a sakan. Amfilifayar na haɗe da talabijin mai dikoda? Ka zare wayar da ta sauko daga dish. In ya yi shiru, hanyar da wuta ke sauka ƙasa ce ta zama biyu suka haɗu, maganinta ka ɗauko sauti daga talabijin da wayar haske, wadda ba ƙarfe a cikinta, in amfilifayar na da gurbinta. Duk kayan su sha wuta daga soket ɗaya. Kada wani ya ce ka karya ƙafar filogi ta uku, ita ke tsare ranka. In kuma a kan inbata kawai yake yi, to inbatar ce ba mai fitar da tsabtatacciyar wuta ba.

Mai Turaka:
Wayar dish ce! Ina zarewa ya yi tsit.

Malam Kafinta:
To saura namu aikin. Na yi wa mutum biyu irin allunan nan, ga yadda muke yi. Firam na katako ƙafa 2 da ƙafa 4, zurfinsa inci 4. Ba a rufe bayansa da filawud, a bar shi a buɗe. A cika shi da audugar dutse, wadda 'yan kasuwa ke kira rokwul, ko faiba gilas. Ka tambayi masu kayan rufi da masu aikin bututun AC, su ke sayar da ita. In za ka taɓa ta ka sa safar hannu da takunkumi da riga mai dogon hannu, ka yanka a waje, don ƙaiƙayinta ba wasa ba ne. A fara naɗe ta da siririn ƙyalle don kada ta yi ta zubar da gari, sannan a ja yadi a fuska a buga ta baya.

Wajen zaɓen yadi ka kai shi bakinka ka hura. In iska ta wuce ka ji ta a tafin hannunka, ya yi. Akoko da alawayyo suna wucewa. Shadda mai sheƙi da leda ba sa yi. Ɗaya daga cikin waɗanda na yi wa da saƙi ya rufe nasa, baƙi na shigowa suna zaton ado ne. A Kantin Kwari ba za ka rasa wanda ya dace da fentin ɗakinka ba.

Ɗan Damagaram:
Malam, audugar rimi fa? Mu nan ita muke cusa wa matashi, kuma tana da araha.

Malam Kafinta:
Tana shan sauti, amma ba na so. Tana kama wuta kamar fetur, kuma in allon na tsaye da daɗewa sai ta zube ƙasa ta bar sama fanko. Audugar dutse ba ta ci da wuta.

Injiniyan Sauti:
Na goyi bayan Malam. Wurin ratayawa kuma madubi ne zai nuna maka. Ka zauna a kujerarka, yaro ya riƙe madubi a manne da bangon gefe daidai tsayin kunnenka, yana jan sa a hankali. Duk inda ka hango sifika a cikin madubin, ya yi alama. Nan ne sauti ke fara dukan bango ya faɗo kunnenka, ɗan ƙanƙanin ɓangare na sakan bayan na asali, shi ke dagula wurin da kowane makaɗi yake tsaye. Allo ɗaya hagu, ɗaya dama, ɗaya ko biyu a bangon bayan kanka. Ka bar tazarar inci 2 zuwa 4 tsakanin allo da bango, wannan iskar kyauta ce kuma tana sa ya kamo sautin da ya fi ƙasa.

Lungu kuwa a gicciye allon ya tare kusurwar, bayansa fanko, kaurin ya kai inci 6 in da hali, daga ƙasa har kusa da silin. Zan gaya maka gaskiya: wannan zai gyara 94 da abin da ke samansa sosai, 47 kuwa sai dai ya rage masa kaifi. Ragowar a nan ikwalaizar Ɗan Sabon Gari za ta shigo. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna REW, in ka samu makirufo na awo irin UMIK-1 ko ka aro, za ta zana maka inda ɗakin ya kumbura, ka rage daidai wurin kawai.

Ɗan Sabon Gari:
Alhamdu lillahi, an zo wurina daga ƙarshe. Amma na karɓi gyara, amfilifayarsa ta ishe shi.

Hajiya Mai Labule:
Tambaya ɗaya, allunan nan za su hana maƙwabta jin ƙara?

Injiniyan Sauti:
A'a Hajiya, aiki biyu ne daban. Allo yana gyara abin da na ciki ke ji. Hana sauti fita sai nauyi da toshe kafa: ƙofa mai nauyi, roba a gefunanta, a toshe ƙarƙashinta. Ko an ninka nauyin bango sau biyu, wajen desibel 6 kawai ake samu, bes kuma shi ya fi kowa iya ratsawa. Mafi sauƙi a rage ƙara, musamman da dare da lokacin salla. Kunnen mutum ma yana da haƙƙi: hukumar NIOSH ta Amurka ta sa iyakar desibel 85 na awa 8, duk ƙarin desibel 3 lokacin ya rabu biyu.

Mai Turaka:
Ai tun jiya na lura ba na kai maɓallin ƙara inda nake kai shi da, kuma ina jin komai. Na cusa roba a taga, zzz ya tafi. Soson na ɓamɓare shi, ya tafi da fenti a wurare uku, sai an sake shafawa. Hajiya, tagar faɗinta ƙafa 4 ce, ke nan yadin ƙafa 8 zan nema. Malam Kafinta, allo huɗu na bango da biyu na lungun gaba nake so. Lungun baya ɗaya ƙofa ce ke buɗewa a kansa, ban san yadda za a yi da shi ba.

Malam Kafinta:
A bar wannan, a yi na ɗayan. Ka auna mini daga ƙasa zuwa inda adon POP ya fara saukowa, don kada allon lungu ya tokare shi. Ka yi alamar madubin kafin Asabar, in na zo da yarana mu rataya gaba ɗaya.